Wasan da Aka Koya wa Sajida

Nuha ce ta kawo fim ɗin. 'Yar mai gidan ce, haihuwar Jidda, Hausarta sai da Larabci a tsakiya. Bayan la'asar takan sauko ɗakin Zubaidatu, ta jingina wayarta da tukunyar gas, su zauna a ƙasa suna kallo, Zubaidatu na ƙulla kunun ayar sayarwa a leda.

Shirin Koriya ne mai dogon zango. Wata mace ce aka horar da kisa tun tana ƙarama, ta tsere wa iyayen gidanta da ɗanta a hannu, su kuma suka bi sawunta gari gari.

"Shufi, ya Abla! Duba, Yaya, duba! Da cokali fa ta kayar da shi!"

"Na gani. Amma mace ta faɗo daga bene ta tashi ko ɗingishi babu? Kuma tun da aka fara ban ga ta dafa wa yaron nan abinci ba. Iska yake ci?"

"Ke dai khalas, ba a iya miki. Ana harbi kina tambayar tukunya."

Zubaidatu ta yi dariya. Faɗan bai dame ta ba, ƙarya ce mai kyau, an iya shirya ta. Abin da ke kama ta shi ne shirun da masu fim ɗin suka iya ajiyewa kafin faɗa: takun sawu a matakala, ya tsaya, matar ta ɗauke numfashi. Wannan kam ba su yi ƙarya ba. Ta san shi. Da bizar umra ta shigo ƙasar, bizar ta daɗe da mutuwa. 'Yarta Sajida a nan unguwar Sa'alaba aka haife ta, ko shiga makaranta ba ta isa ba, ba ta da takarda ko ɗaya. Mijinta Hussaini yana unguwar Aziziyya wurin wankin mota har magariba. Duk motar da ta tsaya a lungu sai hannun Zubaidatu ya tsaya a kan leda, tana jiran ta ji ko masu kame ne.

A wani kashi matar ta koya wa ɗanta wasa. In an buga ƙofa da ƙarfi ya ɓuya, ya rufe baki, kada ya fito ko da muryarta ya ji, domin ana iya tilasta mata ta kira shi. Ita za ta zo ta ɗauko shi. Yaron ya yi hakan, ya tsira, washegari yana shan alawa kamar ba a yi komai ba.

Zubaidatu ta ga dabara ce mai amfani, ta ɗauka. Sajida kuwa ta so wasan. Bayan katifa, cikin kwandon wanki, ƙarƙashin kayan sawa. Uwar takan kira ta da gangan, har da alkawarin biskit, in ta yi shiru sai ta rungume ta ta ce ta ci.

Ranar da abin ya faru mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin, ya mutu tun safe, zafi kamar a murhu. Zubaidatu na kan rufin gida tana shanya sai ta ji ana dukan ƙofarsu da wani ƙarfe, muryar namiji na magana da Larabci. Ta leƙa, ashe mai gyara ne baban Nuha ya turo, da jakar kayan aikinsa.

Ta sauko ta buɗe masa, tana yi wa kanta dariyar kunya. Sannan ta duba bayan katifa. Babu kowa.

"Sajida, fito, mai gyara ne."

Ta zazzage kwandon wanki. Ta shiga banɗaki, ta fito. Ta ɗaga murya har Nuha ta sauko ba takalmi, su biyu suna kira, ɗaya da Hausa ɗaya da Larabci. Gidan ya yi irin shirun nan da take yabawa a fim. Yarinyar na kusa, ta sani, tana jin kowace kalma, tana kuma yin daidai abin da aka koya mata.

"Sajida, don Allah. An gama wasa. Umma ce."

Mai gyaran ya ajiye jakarsa ya shiga nema. Shi ya lura da shuɗin durom ɗin ruwa da ke soro, wanda babu komai a ciki, murfinsa a karkace. Zubaidatu ta ture mutumin ta ɗaga murfin. Wani hucin zafi ya bugi fuskarta. Sajida na duƙunƙune a ƙasa, rigarta sharkaf, hannu biyu a kan baki, idanu a buɗe.

Ta ciro ta, Nuha na zuba mata ruwa a ka tana salati. Da ƙyar aka ɓamɓare yatsun daga bakin.

"Na ci, Umma?"

Wani tunani ne ya sauko wa Zubaidatu, wanda fim ɗin bai taɓa yi ba, domin matar fim kullum tana dawowa. Da masu kame ne, da sun same ta a rufi sun wuce da ita. Da an rufe ƙofa. Hussaini sai magariba. Da Nuha ta kira har ta gaji, ta ɗauka da uwar aka tafi da ita.

Da yarinyar ta farfaɗo ta sha ruwa, Zubaidatu ta durƙusa ta riƙe kafaɗunta.

"Saurara. Wancan wasan ya mutu. Daga yau in an buga ƙofa, ki rugo ki kama zanena, ki yi ihu iya ƙarfinki. Inda za a kai ni a kai mu tare. Kin ji?"

Sajida ta gyaɗa kai.

"To mu gwada. Nuha, fita ki buga."

Nuha ta fita ta ja ƙofa. Ta buga a hankali, sannan da ƙarfi. Zubaidatu ta buɗe hannuwa tana murmushi, tana jira. Sajida ta dube ta, ta dubi ƙofar. Sai ta ɗaga hannu biyu ta rufe baki, ta soma ja da baya, sawunta ko ƙara ba ya yi.