Bakanike a Kan Sikeli

A gabana aka ƙulla cinikin, don ni suka kira shaida. Shagona na sayen tsofaffin ƙarafa yana jikin garejin Bakanike, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ina da sikeli irin na ƙasa, wanda ake ɗora wa injin mota sukutum ya faɗi nauyinsa.

Mai kemis ne ya zo da maganar. Ƙanin matar Bakanike ne, siriri kamar tsinken sakace, ga gilashi ga tsabta. Ya sayo wata tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, wadda ta girmi babban ɗansa nesa ba kusa ba, aka jawo ta da igiya har ƙofar gareji. Wai masu irin waɗannan tsofaffin motoci ne suka haɗa kai za su ratsa hamada, kwana shida babu kwalta babu gari, saura wata biyu a tashi, shi ma da shi za a yi.

"Mijin Yaya, nawa za ka tayar min da ita?"

Bakanike ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa da kyar ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana haki.

"Ko sisi ba na so, Dokta. A tafi da ni kawai."

Na san inda maganar ta fito. Shekara talatin mutumin nan yana shirya wa mutane motocin hamada. Su je su dawo su nuna masa hotuna a waya, shi kuwa tudun rairayi bai taɓa gani ba sai wanda tifa ta juye a wurin gini.

Mai kemis ya ji gyara kyauta, baki har kunne. "An gama!"

"Tsaya tukun, da sharaɗi." Bakanike ya buɗe ƙofar direba, ya kankare wani ɗan faranti da ke jikin bodi da farcensa. "Karanta nan, kai da ka yi boko. Kilo ɗari shida, iyakar abin da za ta ɗauka ke nan. A kwalta za ka yi mata lodi ta haƙura. A yashi kuwa nutsewa za ta yi, ko sifirin da ke ɗauke da nauyinta ya karye ka kwana kana kiran Yayarka. Saboda haka duk abin da zai shiga motar nan sai ya hau sikelin maƙwabcina."

"Komai da komai?"

"Ko allura ce. In ya haura ɗari shida da kilo ɗaya, a sauke shi, ko na waye."

Suka tafa. Na ce na shaida.

Aiki dai a bar wa mai shi. Cikin wata guda Bakanike ya sauke injin ya mayar, ya wanke lagireto har sai da ruwa ya fito fari tas, ya canza sifirin da shokozoba, ya ɗaga bututun shaƙar iska sama don kada injin ya sha ƙura. Ya ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin tanki saboda duwatsu. Tayoyi ya sa masu faɗi, ya zaunar da mai kemis kamar ɗan firamare yana koya masa yadda ake rage musu iska in an shiga yashi, da yadda ake mayarwa in an fita. Ranar da jif ɗin ta tashi, ta yi tari sau uku ta kama ruri, Bakanike ya cire hula ya yi rawa a tsakiyar gareji, tumbinsa na gaba shi yana biye.

Sai aka zo kan kaya, nan kuma ya samu abin wasa. Jarkokin mai da na ruwa, safaya biyu, jak, shebur, igiya, famfon iska, faranta masu huji da ake shimfiɗa wa taya in ta kafe, duk suka hau sikeli ina faɗa yana rubutawa da alli a katanga. Kayan mai kemis kuwa, tun daga bakin ƙofa yake yi musu dariya.

"Wannan fa?"

"Ɗan firji ne, don ruwan sanyi."

"Kilo goma sha tara na ruwan sanyi! Mai Sikeli, sauke. Wancan kuma?"

"Katifa."

"Amarci za ka je? Yashi ya fi ta laushi. Sauke."

Haka janareto ya koma gida, kujerar naɗewa ta bi shi, har da wata tukunyar dafa shayi mai murfin gilashi. Kowanne aka sauke, sai Bakanike ya ɗaga masa hannu ya ce a gai da gida. Mai kemis ya yi ta haɗiye abin, yana gyara gilashi yana cewa ba komai.

Saura sati uku a tashi kaya suka tsaya a ɗari huɗu da sittin. Bakanike ya ja layi a ƙasan lissafin yana taƙama.

"Ka gani? Saura ɗari da arba'in, na mutum biyu. Saba'in saba'in. Haka nake yi wa kowa, ban taɓa kuskure ba."

Mai kemis ya dubi katanga, ya dubi mijin yayarsa tun daga hula har takalmi. Sai ya cire agogo ya miƙa min, ya hau sikeli a hankali.

Na ce, "Sittin da biyu."

Ya sauko, ya shimfiɗa hannu kamar mai yi wa babban baƙo iso. "Mijin Yaya, bismillah."

"Bismillah me?"

"Ko allura ce, ka ce. Mai Sikeli, ko ba haka aka yi ba?"

Na ce haka aka yi. Wanzami dai ba ya son jarfa. Bakanike ya ce shi ba kaya ba ne, ya ce yanzu ya ci abinci, ya ce sifana uku ne a aljihunsa. Aka jira ya zazzage aljihu. Da ya hau, allurar sikeli ta yi wani tsalle ta wuce ɗari ba ta ko waiwaya ba, ta je ta tsaya tana karkarwa.

"Ɗari da ashirin da takwas."

Mai kemis ya zauna a ƙasa daɓas, da farin wandonsa, a cikin baƙin mai, yana dariya har gilashin ya faɗi. "Kilo hamsin ya yi yawa! Firjina biyu da rabi! Mai Sikeli, sauke! A gai da gida!"

Kafin azahar labari ya kai gida. Matar Bakanike, wadda duk muke kira Yaya saboda ƙaninta, ta zo da kanta ta karanta katanga. Shekara ashirin tana fama da shi ya rage ci. Abin nema ya samu.

"Baban yara, kada ka damu, ni zan taimake ka," in ji ta, murya kamar zuma. Daga ranar kwanon da ake kawo masa ya koma ɗan ƙarami, ganye da ƙwai ɗaya a dafe.

Mai kemis bai tsaya nan ba. Ya samo wani abokinsa tela, wanda in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa, ya ce in mijin Yaya bai shiga lissafi ba, ga wanda zai maye gurbinsa. Telan nan kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a kan benci da burodi da soyayyen nama, yana ci yana tambaya ko a hamada ana sanyi da safe.

Kwana biyar Bakanike yana zagaya layinmu da sassarfa, gumi kamar an kwara masa bokiti. Ya hau sikeli, kilo biyu ya tafi. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Maƙwabci, shekara nawa muna tare? Ɗan danna min allurar nan baya mana."

Na ce, "Sikelina in zai karkata, wajen aljihuna yake karkata, kuma kai ba ƙarfe ka kawo ba."

Ya yi tsaki. "Bar shi ma. Ko ka yarda, sifirin ba zai yarda ba."

Yana faɗin haka ya tsaya yana kallon motar, ido ya ƙanƙance. Sai ya ɗauki sifana.

Da mai kemis ya iso da yamma, ya tarar da bencinan baya guda biyu a kan sikelina.

"Inna lillahi! Me ka yi?"

"Kilo ashirin da biyu, Dokta. Abin da aka cire wa mota, an ƙara wa lodi. Mu biyu ne, wa zai zauna a baya?"

"Na asali ne! Da su aka ƙera ta! Saboda su na saye ta!"

"Ai ba sayarwa na yi ba. Ka kai ɗaki ka riƙa kallo."

Daga nan fa aka shiga fiɗa. Yau dardumar ƙasa, gobe rufin ciki, jibi matakalar gefe. Kwalliyar da ke ƙyalli a gaban mota, wadda mai kemis ke gogewa da hankicinsa, ita ma ta sauka. Ranar da aka zaro rediyo sai da ya dafe ƙirji. Motar ta koma kamar gwangwanin da aka lashe, in ka yi magana a ciki sai ta amsa maka.

Saura kwana biyu mai kemis ya sare. Ya zo ya kama hannun mijin yayarsa.

"Na yafe sharaɗin. Wallahi wasa nake yi, telan ma ko fitsari ba ya iya riƙewa awa biyu. Ka bar min sauran motata. Ko mu sauke jarkar ruwa ɗaya, shi ke nan lissafi ya fita."

Ban taɓa ganin Bakanike ya ɓata rai irin na ranar ba.

"Ruwa? A hamada za ka sauke ruwa don ƙato ya hau? Ni na rubuta ɗari shida a jikin ƙofar? In ban shiga lissafi ba, ka tafi da telanka, ni na san hanyar gidana."

Tela ya ji haka, ya je ya sayo hular rana.

Ranar tafiya da sassafe kowa ya hallara, har Yaya. An cire wa mota kilo talatin da shida. Bakanike ya tuɓe takalmi da hula da riga, ya tofar da miyau, ya fesar da numfashi, ya hau.

"Ɗari da ashirin da biyu," na ce. "Shida ka rage. Saura takwas."

Tela ya fara jawo jakarsa. Bakanike ya zagaya motar yana taɓa wannan yana taɓa wancan, babu abin da ya rage sai wanda in an cire ba za ta je ba ko ba za ta dawo ba.

Yaya ta ce, "Ku sauke mai motar mana, ai sittin da biyu ne."

"Yaya!" in ji mai kemis.

Bakanike bai yi dariya ba. Ya buɗe ƙofar gefen direba ya tsaya yana kallon kujerar da zai zauna a kai, tsohuwar kujera mai ƙafafun ƙarfe da sifirin a ciki. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya juyo ba.

"Sifana mai lamba sha huɗu."

Noti huɗu ne. Ya ɗauko kujerar ya dire a kan sikeli.

"Goma sha uku!" Ni kaina ihu na yi.

"To a kan me za ka zauna?" in ji mai kemis.

Bakanike ya jawo akwatin kayan aikinsa, wanda dama yana cikin lissafi, ya huda gindinsa ya ɗaure shi a ramukan notin kujerar, ya gwada bel ya ga ya kai. Ya hau ya zauna, kansa ya kusa taɓa rufi, yana washe baki kamar an ba shi sarauta.

"Mai Sikeli, nawa ya yi saura?"

"Kilo biyar."

"Maman yara, a kawo min abinci kilo biyar!"

Ta ce rabin kilo na matashin kai ne, ko ya ƙi ko ya so. Aka auna matashi, aka auna burodi da nama da dafaffen ƙwai har allura ta cika cif. Tela ya taya su ɗaurewa, da hular ranarsa a ka. Jif ta yi ruri ta fita, hannun Bakanike a waje yana dukan ƙofa kamar ganga.

Kwana takwas suka dawo, baƙi ƙirin, leɓe a fashe, suna magana lokaci ɗaya. Cikin motoci goma sha ɗaya, tasu ce kaɗai ba a haƙa ba, su ne ma suka riƙa jawo masu firji. Bakanike ya ce ya hau wani tudu da rarrafe, ya gangaro da birgima kamar buhu, ya sake hawa.

In kana son sanin wanda ya ci da wanda ya faɗi, tela dai ya yi asarar kuɗin hula. Mai kemis ya samu gyara kyauta da suna a cikin abokan tafiya, amma ya yi wata uku yana bin mijin yayarsa a mayar masa da kayan motarsa, kuma noti bakwai har yau ba a san inda suka shiga ba. Bakanike ya ga hamadarsa. Sati biyu a tsaye yake cin abinci saboda abin da murfin akwati ya yi masa, kuma a tsayen ya mayar da kilo shidan nan har da riba. Saboda haka Yaya ta ce ita ce ta faɗi, kuma ban ga wanda ya yi mata musu ba.