Jinin da Suke Kira Balaga

Balarabe ya ciji bakin ledar ruwa ya tsotse ta tas, sannan ya ƙara matse ƙafafunsa a kan bencin asibiti. An ja masa kunne kada ya kuskura ya zaga bayi sai an ɗauki hoton mararsa, wai na'urar ba ta gani sai mafitsara ta cika. Mutumin da ya tsufa yana kamun kifi a tafkin Bagauda, yau ga shi ruwan leda na neman kayar da shi.

"Malam, ƙara wannan," in ji matarsa Kaltume, tana miƙo masa wata.

"Ke jinya kika zo yi ko kisa?"

"Ni dai abin da aka ce nake yi."

Ya karɓa yana harararta. Ita ce ta jawo duk wannan. Ita ta ga gudan jini a maguji bayan ya fito daga kewaye, ta haɗiye kunya ta tare shi da maganar, ta ƙi ci ta ƙi sha sai da ya yarda ya zo. Daga nan aka tura shi Kano, aka zura masa wani siririn abu mai fitila ta inda bai taɓa zaton mutum zai yarda a taɓa ba, aka gutsuro ɗan nama. Yau sakamakon ya iso.

Shi kam a ransa ya riga ya san abin da za a ce. Yayansa Tasi'u da haka ya fara bara: gudan jini, zafin mara, sai rama. Kafin a kai shi asibiti an zagaya da shi gidajen masu magani ana cewa mutanen ruwa ne suka taɓa shi. Da likitoci suka duba suka ce daji ne a mafitsara, ya riga ya bazu. Balarabe da hannunsa ya wanke gawar, ba ta fi nauyin taru busasshe ba.

Aka kira sunansa. Likitar mace ce, Dakta Bahijja, ba ta girmi 'yarsa ta fari ba. Ya kwanta ya kafa wa silin ido yana salati a zuci, ita kuma tana goga masa na'ura mai sanyi a mara.

"Baba, yaushe ka fara ganin jini a fitsari?"

"Watan jiya."

"Kafin nan fa? Ba ka taɓa gani ba?"

"To, ban da tsargiya irin ta kowa."

Ta ɗago kai. "Irin ta kowa?"

"'Yata, a bakin ruwa muka tashi. Wanda bai yi fitsarin jini ba a cikinmu dariya ake masa, a ce har yanzu bai balaga ba. Ni ranar da na fara gani, da gudu na je na nuna wa abokaina. Daga baya yana zuwa yana tafiya. Wannan ai ba ciwo ba ne."

Dakta Bahijja ta ajiye na'urar, ta miƙa masa tsumma ya goge, ta ce ya tashi zaune.

"Bari in fara da abin da ya kawo ka. Naman da aka ɗiba a Kano babu daji a cikinsa."

Bai fahimta ba sai da ta sake faɗa. Kaltume, da ke tsaye bakin ƙofa, ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Balarabe ya yi hamdala.

"Amma ka saurare ni da kyau," in ji likitar. "Abin da kuke kira balaga tsutsa ce. Daga jikin dodon koɗi take fitowa cikin ruwa, ta huda fata, ta je ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Jiki ya yi ta faɗa da ƙwan, wurin ya kumbura, ya yi rauni, ya warke, ya sake kumbura. Shekara da shekaru nama yana gyaran wuri ɗaya. To a cikin gyaran ne wata rana yake kuskure, ya tsiro da abin da ba ya tsayawa. Ba kowa ne yake kaiwa can ba, amma hanyar ke nan. Taka mafitsarar ta yi kauri, ta sha wuya, sai dai ba ta kai ba."

"Tasi'u fa?" Bai san lokacin da sunan ya fito ba. "Yayana. Tare muke shiga ruwa tun muna yara."

"Ban duba shi ba, ba zan yanke ba. Amma da wuya in ba ita ba ce."

"Kuma tana da magani?"

"Ƙwayoyi kaɗan ne, sha ɗaya. Sai dai duk wanda ya koma ruwan zai iya sake ɗauka, dole a riƙa maimaitawa. Kai kuma za ka riƙa dawowa muna duba ka, ba sai Inna ta yi yajin cin abinci ba."

Ƙwayoyi kaɗan! Ya tuna baƙin bunsurun da suka yanka a bakin tafki saboda Tasi'u. Sai likitar ta ce, "Baba, yanzu kana iya zagawa."

Wallahi bai tsaya sallama ba. Ya fita da sassarfa yana riƙe da mazugin wando, masu jiran layi suna ba shi hanya. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya wanke fuska a famfo, ya ji iska tana shiga ƙirjinsa har ƙasa, abin da ya manta rabonsa da shi.

A mota Kaltume ta sayi gyaɗa dafaffiya, ya cinye tasa ya karɓe tata. Da suka doshi Bagauda, ruwan tafkin ya bayyana yana ƙyalli, sai ya ƙwanƙwasa jikin mota.

"Direba, a sauke ni a mashigar masunta."

"Ba gida za mu ba?" in ji Kaltume. "Mutane na can suna jiran labari."

"Ki kai musu. Yanzu 'yan kamun safe suna ƙarƙashin bishiya suna gyaran taru, duk zan same su wuri ɗaya."

"Me za ka ce musu?"

"Zan tambayi kowa launin fitsarinsa."

Ta dafe ƙirji ta rage murya. "Malam, ka manta Faruk yana cikinsu? Mijin 'yarka fa! Mutumin da ko abinci ba ka ci a gabansa?"

Balarabe ya gyara hularsa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Da shi zan fara."