Rigar Lawwali

A shekarun nan da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, har a ƙauye aka fara ganin samari da babur sabo fil, akwai wani tela a bakin kasuwar Yankara, sunansa Harisu. Mutum ne mai sanyi a kan keken ɗinki, amma da an zo maganar tamaula sai ka ce an canza shi. Shi bai taɓa buga ta ba, don tun yana yaro yake ɗan jan ƙafar hagu. Sai dai babu wasan da 'yan Yankara za su yi ba a ji muryarsa daga bakin fili ba. Rafali kuwa, ko wa aka kawo, kafin ya sa usur a baki Harisu ya riga ya samo masa laifi.

Ƙanensa Sha'ibu shi ke buga musu gaba. Shi ne autan mahaifiyarsu Dada, dogo, ba ya da yawan magana, in ya tashi sama zai sa wa ƙwallo kai sai ka ce da igiya aka ja shi.

To, a shekarar sai labari ya zo cewa wata masaƙa a Kaduna tana da ƙungiyar ƙwallo. Tana ɗaukar samari ta ba su aiki da ɗaki, su yi saƙa da safe, da yamma su buga mata wasa. Aka ce za ta aiko mutum ya kalli wasan kofi da Yankara za ta yi da Sabuwa a filin Faskari, kuma yaro ɗaya tak zai ɗauka. Tun daga ranar Harisu ya daina ganin komai sai wannan. Alhaji Nata'ala mai sayen auduga ya kawo wa ƙungiya riguna koraye daga Funtuwa, Harisu ya zauna ya ɗinka musu lambobi da farin yadi. Ta Sha'ibu, lamba tara, sai da ya bi ta sau biyu da zare.

Ranar wasa Faskari ta cika. 'Yan Yankara a buɗaɗɗiyar mota, 'yan Sabuwa a tasu, mutanen Daudawa a kan kekuna, ga masu rake, ga masu tsire. Mutumin Kaduna yana kan kujera a inuwa, da baƙin tabarau, babu wanda ya san inda idonsa yake kallo. Rafalin kuma daga Zariya aka kawo shi, wani gajeren saurayi mai baƙin gajeren wando, bai san kowa ba kowa bai san shi ba.

Kafin a fara ya jera 'yan wasa kamar 'yan makaranta. Ya ɗaga takalmin kowa yana shafa ƙasansa ko akwai ƙusa. Ya sa aka cire zobba. Masu kambu a damtse ya ce su kwance, wai zai iya yankar wani.

"Ƙwallo muka zo kallo ko duba-gari?" in ji Harisu, yadda kowa zai ji.

"Rafali, ka duba haƙora ma," wani ya ƙara daga baya. Aka yi dariya. Rafali bai ko juyo ba.

An fara da kyau. Sau biyu Sha'ibu ya yanke 'yan bayan Sabuwa, Harisu kuma rabin idonsa a fili, rabi a kan baƙin tabarau. Ana dab da tafiya hutu aka bugo ƙwallo daga kusurwa. Sha'ibu ya tashi, wani ƙaton ɗan bayan Sabuwa da ake kira Gide shi ma ya tashi, kai ya gamu da kai. Ƙarar kamar taɓarya ta faɗa turmin da babu komai a ciki. Gide ya dafe goshi ya yi tangaɗi ya tsaya. Sha'ibu kuwa ya zo ƙasa, bai motsa ba.

Kun san yadda ake yi da wanda ya suma. Wani ya ruga wurin mai tsire ya karɓo albasa, aka fasa ta da diddige aka kanga masa a hanci, aka sheƙa masa ruwan tulu. Jim kaɗan ya yi atishawa, ya buɗe ido, ya tashi zaune. Fili ya ɗauki sowa.

Rafali ya durƙusa gabansa. "Yaya sunanka?"

"Sha'ibu."

"Ina muke yanzu?"

Sha'ibu ya dubi jama'a, ya dubi masu rake. "Kasuwa," ya ce.

Na kusa suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne. Rafali ya shafa bayan kunnen yaron, inda wuri ya fara tashi, sannan ya miƙe.

"Wannan ya gama na yau. Wanda ya suma ba ya komawa, haka aka ce mana a kofin nan. Ku sa wani, shi kuma a kai shi asibiti."

Harisu bai san lokacin da ya shiga fili ba. "Malam, wace irin doka ce wannan? Ga shi zaune shina magana. Yaron nan bijimin sa ya taɓa tunkuyinshi, washegari ya tafi gona."

"Ni ba sa nake wa alƙalanci ba."

"To wanda ya kai mishi karon fa? Shi shina ciki, wanda aka ji wa ciwo shina waje?"

"Ƙwallo suka je bugawa su biyun. Fita daga fili."

Alhaji Nata'ala ya zo yana tattare babbar riga, ya yi ƙasa da murya. "Ɗana, ka duba. Mutum ya taso tun daga Kaduna saboda yaron nan."

"Alhaji, ko daga Makka ya taso."

Daga nan sai ɓawon rake ya fara sauka cikin fili. Wasu na cewa 'yan Sabuwa sun saye shi, wasu na cewa dama 'yan boko ba su san jinin maza ba, sun ɗauka kowa da shayi aka yaye shi. Rafali ya hura usur, aka sa wani yaro a madadin Sha'ibu, aka ƙarasa ɗan abin da ya rage aka tafi hutu babu ci.

'Yan Yankara suka taru a gindin wata ɗorawa, jama'a suka kewaye su. Sha'ibu na jingine da itacen, an ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma. Harisu ya tsaya a kansa. Can sai idonsa ya faɗa kan Lawwali.

Lawwali ɗan baffansu ne, mai lamba bakwai. Tsawonsu ɗaya da Sha'ibu, tsagen kumatunsu ɗaya, wanzami ɗaya ya yi musu. Kuma shi kullum da jan hankici yake ɗaure kai in zai yi wasa.

"Lawwali, tuɓe rigarka."

"Yaya Harisu?"

"Rafalin nan lamba ya sani, bai san fuska ba. Kawo hankicin ma. Kai ka sa tara ka kwanta nan, a rufe maka fuska da tsumma."

Wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa, dariyar ta bi da'irar ta zagayo. Alhaji Nata'ala ya juya baya ya ce shi bai ji komai ba.

"To in ya buga da bakwai, mai tabarau zai san shi ne?" wani ya tambaya.

"Ƙafa ya zo gani. In an tashi ni zan gaya mishi."

Lawwali ya riƙe wuyan rigarsa bai cire ba. "Yaya, idon Sha'ibu fa bai yi mini ba."

Harisu ya tsuguna. "Sha'ibu, za ka iya?"

"Me?"

"Wasa."

"Zan iya, Yaya."

Ai tunda Sha'ibu yake, bai taɓa ce wa Harisu ba zai iya ba, ko a gona ko a gida. Aka sa masa riga, Harisu da kansa ya ɗaure hankicin, ya jawo shi ya rufe kumburin.

Kafin a dawo fili duk ɗan Yankara ya sani. Abin ya yi musu daɗi sosai, don a ganinsu sun rama. Suka riƙa kiran "Lawwali, Lawwali" da ƙarfi don rafali ya ji. Sha'ibu ko waiwaye bai yi ba, tunda ba sunansa ba ne.

Da farko kamar abin zai yi. Ƙwallo ta zo masa ya tare da ƙirji, ya wuce mutum ɗaya, ya miƙa wa na kusa. Harisu ya ga mutumin Kaduna ya gyara zama. Sai dai bayan nan Sha'ibu ya riƙa gudu inda babu ƙwallo, ya tsaya, ya sake gudu. Gide da ke gadinsa ya dube shi da kyau, ya buɗe baki kamar zai kira rafali, sai kuma ya ja da baya ya bar shi, bai ƙara matsarsa ba.

Can aka jefo wata doguwa daga tsakiya, ta wuce kowa, ta sauka gaban Sha'ibu. Daga shi sai gola. Fili duka ya miƙe tsaye.

Sha'ibu ya taka ƙwallon da ƙafa ta tsaya. Ya dube ta. Ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu biyu, ya juya, ya nufo bakin fili a hankali yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya ga yayansa.

"Yaya, ta waye wannan? A hanya na tsince ta."

Harisu ya karɓa. Ba don ya yi niyya ba, miƙo masa aka yi. Sha'ibu ya dafa gwiwa ya yi amai a kan layin toka.

Rafali ya iso. Ya kwance hankicin, ya ga kumburin ya kai girman ƙwan kaza. Ya dubi gindin ɗorawa, inda Lawwali ya yaye tsumma ya tashi zaune da lamba tara a bayansa. Sannan ya dubi Harisu. Ya hura usur mai tsawo, ya ce wasa ya ƙare, an ba Sabuwa nasara.

Aka fa yi ca a kan rafali. Sai da 'yan sanda biyu suka sa shi tsakiya suka fitar da shi, takalma da ɓawon rake na bin su. Harisu yana jin hayaniyar kamar daga wani gari. Yana ganin bakunan mutane na motsi. Wani ya girgiza masa kafaɗa ya ce, "Kai ba za ka yi magana ba?" Ya duba ya ga har yanzu ƙwallon na hannunsa, sai ya ajiye ta a ƙasa.

Mutumin Kaduna na shirin shiga mota Harisu ya ja ƙafa ya same shi.

"Ranka ya daɗe, shi ne mai taran nan na farko. Ƙanena ne."

"Na gane."

"In ya warke, halan za a sake zuwa?"

Mutumin ya cire tabarau. Ashe ma dattijo ne, idanunsa duk gajiya. "Malam, ka kai shi asibiti," ya ce. Sannan ya leƙa ta bayan Harisu ya yafito Gide, ya tambaye shi sunan mahaifinsa da unguwarsu a Sabuwa.

A ɗakin shan magani malamin asibiti ya haska idon Sha'ibu da tocila, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce a kwantar da shi, kada ya shiga rana, in aman bai tsaya ba a wuce da shi Funtuwa. Alhaji Nata'ala ya ba da rawaninsa aka ɗaure Sha'ibu a bayan Harisu kan wani babur da aka ara, kamar goyo. Suka kama hanyar Yankara da la'asar sakaliya, a hankali, gonakin auduga na wucewa.

"Yaya, mun ci?"

"Ba mu ci ba."

Suka wuce wani rafi.

"Yaya, mun ci?"

"A'a."

Ya sake tambaya, amma bai jira amsa ba, ya kwantar da kai a bayan yayansa.

Dada na tsakar gida tana tankaɗe suka shigo. Ta dubi rawanin, ta dubi rigar. Ita ba ta karatu, amma ta ga wadda aka yi ta ɗinki a gabanta, ta san ba ita ce wannan ba.

"Auta, rigar wa ka sanyo?"

"Tawa ce, Dada."

Ta dubi babban ɗanta. Ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne, kuma ranar ko "kai" ɗin ma ba ta ce ba. Ta kama hannun Sha'ibu ta shige da shi ɗaki.

Allah Ya sa aman ya tsaya. Bayan 'yan makonni Sha'ibu ya tashi, yana ci yana sha, sai dai bai tuna komai na ranar ba, daga hawa mota sai farkawa a ɗakin Dada. In ya daɗe a rana kansa sai ya riƙa sara. Ƙwallo kuwa ko yara ne suka bugo ta ta nufo shi sama, sai ya kauce. Gide ya tafi Kaduna kafin a gama ɗibar auduga.

Maganar rafali kuwa ba ta mutu ba a Yankara. Duk ranar kasuwa sai an taru a rumfar Harisu, don nan aka saba, a ɗauko ta daga farko. Da bai fitar da yaron ba, da ba a kai ga canza riga ba. Da ya kori Gide, da an san da adalci. Dokar mutanen birni ce, wadda ba ta san jikin ɗan ƙauye ba. Sha'ibu na gefe a inuwa kan tabarma, an ba shi allura yana koyon sa maɓalli, yana saurare kamar labarin wani ake yi.

"Harisu, ka yi shiru. Aradu ba cutarmu ya yi ba?"

"Haka ne," in ji Harisu.

Suka jira ya ci gaba, don a da daga nan yake ɗaukowa. Shi kuwa ya gyara bakin yadi a ƙarƙashin allura, ya ɗora ƙafa a kan keke ya ci gaba da takawa.