Rijiya Da Gurgun Raƙumi

"To shi ke nan, kai ne da gaskiya," in ji Mai Rediyo. "Sunan matar nan aka sa wa garin. Na yarda."

Tun bai rufe baki ba ya san ya yi ɓarna. Mai Sikeli yana kwance a katifa, an tokare masa baya da filo biyu, ƙafafunsa sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Ya daɗe yana kallon maƙwabcin nasa, irin kallon da yake yi wa buhun da ya ji nauyinsa bai yi daidai da cikinsa ba.

"Injiniya, me likita ya gaya maka?"

"Ni ina na ga likita?"

"Malama ce ta gaya maka ke nan."

Ya janye filo ɗaya, ya juya fuskarsa ga bango. Shayin da 'yarsa Malama ta ajiye a gefen katifa ya huce a wurin har ya yi fata.

Duk wanda ya zauna a layinmu ya san gardamar mutanen nan biyu, ko yana so ko ba ya so. Sun fara ta tun suna da gashi. Mai Sikeli, wanda ya ƙare rayuwarsa yana auna buhuna a kasuwar hatsi, cewa yake yi wata mata ce ta haƙa rijiya a bakin hanyar fatake tun babu ko bukka a wurin. Masu gishiri su sauka su sha, masu fata su sauka su sha, in an tambaye su ina za su kwana sai su ce wajen wance. Da haka sunanta ya manne wa wurin. Shi kuma Mai Rediyo ya rantse sunan wani madugu ne, wanda raƙuminsa ya gurgunce a nan, ya tsaya jinyarsa, ya kwance kaya ya fara sayarwa, kasuwa ta tashi a kansa. Hujjar Mai Sikeli tsohuwar rijiyar da ke bayan kasuwa. Hujjar Mai Rediyo wani shiri da ya taɓa kamowa a wata tasha mai nisa, yana tsakiyar gyaran rediyon wani, rabin maganar iska ta cinye. Mu da muke zama a bencin ƙofar shagon Mai Rediyo muna yi musu alƙalanci, ba wanda ya taɓa karanta ko layi ɗaya a kan tarihin garin, amma hakan bai taɓa hana mu yanke hukunci ba.

A tsakar gida Malama ta tare Mai Rediyo, tana riƙe da kwanon da ba a taɓa ba.

"Baba Injiniya, me ka ce masa?"

"Alheri na yi masa."

"Wane iri?"

Ya gaya mata. Ta ajiye kwanon a bakin famfo a hankali.

"Haba Baba. Ni da na kira ka don ka tayar masa da hankali ya ci abinci? Da safe har tambaya yake ko ka buɗe shago, wai yana da abin da zai ƙure ka da shi. Mutumin da ko jaka ba ya bari a ɗaukar masa, shi za ka ba kyautar gaskiya?"

Washegari Mai Rediyo ya dawo da shirinsa. Ya zauna a kujerar roba, ya yi gyaran murya, ya ce ya kwana yana tunani, ya janye maganar jiya, madugu ne. Ya kawo raƙumi, ya kawo tasha mai nisa, har da ɗaga murya. Bayan Mai Sikeli kawai yake gani, da ƙasusuwan kafaɗarsa da suka fito ta cikin riga.

"Injiniya," in ji muryar daga bango, "in sadakar gardama ka kawo, kai wa mabukata."

Ranar Mai Rediyo bai iya aiki ba. Ya buɗe wata rediyo ya rufe, ya ƙona yatsa da ƙarfen liƙi, ya zagi ƙarfen. Abin da ke cinsa ba mutuwar ba ce, don wannan Malama ta riga ta gaya masa, kuma ya ga ƙafafun da idonsa. Tsoronsa kada mutumin ya tafi da fuska a bango, yana ganin abokinsa ya riga ya sallame shi tun da ransa.

Washegari da hantsi ya ja ƙofar shago ya nufi bayan kasuwa. A nan sai a faɗi abin da duk layi ya sani: a tsawon shekarun nan Mai Rediyo bai taɓa zuwa rijiyar ba. Ba nisa gare ta ba. Cewa yake yi zuwan ma yarda ce. Sau da yawa yakan zaga ta layin masu katako don kada a gan shi kusa da ita.

Ya ratsa ta tsakanin masu ɗinkin buhu, ya wuce injin niƙa, ya tambayi wata mai wankin kwanuka, ta nuna masa da haɓa. Rijiyar tana nan an rufe bakinta da tsohon kwanon rufi, an ɗora taya a kai. Ya ture tayar. Bakin dutse ne, igiya ta ci shi ta yi masa zane mai zurfi, har yatsunsa uku suka shige. Wannan Mai Sikeli ya sha faɗa. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne zanen duk a gefe ɗaya yake.

Mai Rediyo ya tsaya a gefen, ya ɗaga kai. Daga bakin rijiyar wani lungu ya miƙe sak, kamar an ja shi da zare, har ya je ya ci karo da bangon wani gida. A tsohon garinmu ba lungun da yake miƙewa. Kowanne sai ya karkace ya gaida wani gida ya dawo. Ya bi lungun a hankali har ƙarshe, ya juyo ya hango bakin rijiyar daidai saitin ƙirjinsa. Sai ya ji gabansa ya faɗi, irin faɗuwar da yake ji in matacciyar rediyo ta yi tari a hannunsa.

Yadda ya dawo gida, masu shaguna suna ba da labari har yau. Mutum mai ciwon gwiwa, ga tumbi, yana sauri hula a hannu. Ko sallamar kirki bai yi ba ya faɗa ɗakin Mai Sikeli.

"Kai! Tashi! Shekara da shekaru kana ɓoye mini!"

"Baba Injiniya, a hankali," in ji Malama.

Bai ma ji ta ba. Ya manta da ƙafafu, ya manta da likita.

"Na je rijiyar taka! Zanen igiya gefe ɗaya yake. In mutane ne ke ja da hannu, ai ko'ina za su tsaya, dutsen ya ciwu ta kowane gefe. Kuma lungun nan da ya miƙe, wa ya miƙar da shi? Dabba ce! A ɗaura mata igiya ta yi gaba, guga ya hau, ta dawo, guga ya sauka. Hanyarta ce aka yi gini aka bari. Wa yake da dabbar jan guga in ba madugu ba? Ina matar taka a nan?"

Sai katifa ta motsa. Mai Sikeli ya juyo da ƙyar, ya miƙa wa 'yarsa hannu, ta tashe shi zaune ta mayar da filon da ya janye.

"Ka je rijiyar?"

"Na je."

"Da ƙafarka?"

"Da ta wa zan je?"

"Malama, ki shaida." Ya ja numfashi. "To Injiniya, wace dabba ce take jan gugan?"

"Raƙumi mana!"

"Wanne? Wanda ka ce gurgu ne?"

Mai Sikeli bai jira amsa ba.

"Shekara nawa kana gaya mana raƙumin nan ko tashi ba ya iya yi, shi ya sa maigidansa ya zauna. Yau kuma ya warke har ya kama aikin ruwa?" Dariya ta taso masa ta zama tari, Malama ta dafa bayansa, ya ture hannunta. "Jaki ne. Jakin matar. Mace mai rijiya a bakin hanyar fatake za ta rasa jaki? Ke, ina shayin nan? Ɗumamo shi. Ki haɗo da burodi, mutumin nan zai daɗe."

Ya daɗe kuwa. Sai da rana ta karkata ya fito, murya a dishe, an kayar da shi sau biyu, shi ma ya kayar sau ɗaya a kan maganar faɗin lungun, don jaki ba ya bukatar hanya mai faɗin haka. Malama ta raka shi ƙofa tana share ido da gefen mayafi tana dariya.

Kwanakin da suka biyo baya kullum da hantsi yana can. Muna jin su daga titi. Muryar Mai Sikeli tana raguwa, amma ba ta taɓa sauka daga kan jakin ba. Ranar ƙarshe ma ba ta fita sosai, sai da Mai Rediyo ya sunkuya.

"Gobe ka zo da hujja mai ƙafa huɗu lafiyayyu."

"Zan zo da ita. Kai dai ka shirya kunya."

Da safe, yana cikin ɗaga ƙofar shago, ya ji kukan mata daga gidan. Ya sauke ƙofar a hankali, ya tsaya riƙe da kwaɗon.

Bayan an watse daga zaman makoki, benci ya koma hirar tsadar kaya da ciwon baya. Mun gwada tayar masa da maganar sau ɗaya, don mu ɗebe masa kewa, amma mu ba mu iya ba. Duk abin da ya ce sai mu ce haka ne. Ya dube mu ya ci gaba da aikinsa.

Wata rana da yamma Malama tana dawowa daga makaranta, jaka a kafaɗa, alli a gefen hannun riga, sai ta tsaya a ƙofar shagon.

"Baba Injiniya, sannu da aiki."

"Yauwa 'yata. Ya haƙuri?"

"Da godiya." Ta gyara jakar a kafaɗa. "Na bi ta rijiyar nan yau."

Bai ɗago ba, amma hannunsa ya tsaya.

"Lungun ba shi da faɗin da kake cewa. Bangon hagu sabo ne, an matsar da shi baya. Ka duba tushen tsohon, yana nan a ƙasa. Raƙumi ba zai juya a wurin ba."

"Wa ya ce juyawa yake yi a ciki?"

"To da baya yake dawowa?"

Mai Rediyo ya zare ƙarfen liƙi daga wuta ya jingine shi. Ya kwashe tsofaffin rediyoyin da suka taru a ƙarshen bencin, ya kaɗe ƙurar da hularsa. Malama ta sauke jakarta ta zauna.