Humrar Ranar Suna

Gwaggo Abu dai ba ta da aiki a duniya sai tsoron kada a ce gidansu yana wari. Tun da ɗanta Babaji ya fara bin motar gyaɗa zuwa Kano yana dawo mata da kwalaben turaren kantin Turawa, ta ɗauka ita ce sarauniyar unguwarmu Hausari. Katanga ɗaya ta raba mu, ba labari aka ba ni ba.

Matar Babaji, Hadizatu, ta haihu cikin damina, hanya ta yanke, ba ta samu zuwa wankan gida Haɗeja ba. Yaro kuwa tubarkalla, ko ido bai gama buɗewa ba yake lalubo nono da hancinsa ya kama.

Ana gobe suna sai Ya Kaka, wata tsohuwar Babarbariya, ta zo barka. Ta ɗan ja hanci ta ce da gurɓatacciyar Hausarta, "Ɗakin nan ƙarni yake yi." Ɗakin mai jego fa. To me ake so ya yi? Amma Gwaggo Abu ta ji kamar an tsire ta. Wai Barebari za su yi da ita a gari.

Da safe bayan wanka Gwaggo ta zaunar da Hadizatu ta dinga shafe ta da humra, wuya, hammata, ƙirji, har kan nonon, ta juye mata turaren kanti a ka, ta turara zannuwanta. Mata suka cika gida suna yaba ƙamshi, ita kuwa sai washe baki take kamar ita ta haihu.

Aka miƙo yaro ya sha. Ya shinshina, ya kau da kai, ya tsala ihu. Aka sake, haka. Na ce mata, "Gwaggo, a wanke mata ƙirjin nan mana, yaron bai gane uwarsa ba ne." Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Wadda gidanta ke warin daddawa ina ta san turare?" Washegari ma ta ƙara shafa mata, don baƙi ba su gama zuwa ba.

Hadizatu ta sani sarai, na gani a idonta. Amma ɗan fari ne, kuma gaban suruka. Kunya ba ta bar ta ta ko kalle shi ba, balle ta yi magana a kansa.

Da yaro ya fara ramewa sai Gwaggo ta ce nonon ne ba kyau, a gwada. Da hannunta mai maiƙon humra ta tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa. Ko ni aka jefa cikin wannan abin ai ba zan fita ba. Tururuwa ta mutu, Gwaggo ta ɗaga ludayi tana nuna wa mutane, har da cewa Allah ya rufa asiri da ta lura da wuri. Babaji, sakaran banza, ya gyaɗa kai. Ranar aka kai yaro unguwar Dogo Nini wurin wata Yagana mai goyo, aka hana uwar zuwa sai ta gama wanka.

Da Hadizatu ta yi arba'in ni na raka ta can. Yaro ya yi ɓulɓul. Ta karɓe shi, ya banƙare yana neman Yagana. Sai Hadizatu ta ce a hankali, "Yagana, ara mini zanen jikinki."

Yagana ta kwance ta ba ta, duk gumi da tumbuɗi. Hadizatu ta ɗaura, ta rungume shi. Ya shinshina, ya lafe, ya fara lalube da baki. Ta juya mana baya ta ba shi. Ya ja, ya ja, ya saki da kuka. Nonon ya riga ya ƙafe.