Tsokar Inna Yelwa

Shekarar da motoci suka koma hannun dama, wani ƙullutu ya fito wa Inna Yelwa ta ƙauyen Kekun Waje a nono. Ta je wani asibiti a Gusau, suka yanki tsoka kamar ƙwayar gujiya, suka jefa a kwalba, suka aika bincike can nesa. Bayan wata biyu amsa ta dawo: sankara ce. Akwai sabon magani da ake gwadawa, amma sai wanda bai kai shekara sittin ba. Ita kuwa akawu ya rubuta mata saba'in.

Ranar Litinin ta hau a-kori-kura daga Bunguɗu, ta ratsa masu jiran layi, ta tsaya a kan Likita Attahiru.

"Ɗan nan, tsokata na zo amsa."

"Wace tsoka, Inna?"

"Wadda kuka yanka. Da za ku sa ta kwalba ba ku ce ta tsufa ba, sai da aka zo maganar magani. To, na fasa. Ku ba ni abuna, a rufe ni cikakkiya. Ran tashin ƙiyama in an tambaye ni saura, in ce mi? Yana wurin Attahiru?"

Likita ya share zufa. Ya ce ai an yayyanka ta siriri an manna a gilashi, ɗalibai na karatu da ita.

"Au! Ni ban ga ƙofar makaranta ba, amma nonona na koyarwa!"

Masu jiran layi suka tuntsure da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Wurin na yi mata zogi kamar an ɗora garwashi.

Likita ya jawo katinta. "Wa ya ce shekarunki saba'in?"

"Wancan mai biro a kunne. Baki ya ce in buɗe, ya leƙa haƙora, sai ka ce mai sayen jaki a kasuwar Tsafe."

"Mi kika fara tunawa a duniya?"

"An goya ni an kai ni kallon jirgin ƙasa, ran da ya fara shigowa Gusau."

Ya yi lissafi a bayan kati, ya soke saba'in, ya rubuta hamsin da ɗaya. "Jibi za a fara miki allura."

Ta gyara mayafi. "Tsokar kuma aro na ba ku. In sun gama karatun, a maido min."