Abin da Sakatariya Ta Gani

Ɗan sandan da ke bakin ƙofar kotu ya zazzage jakar Yaya a kan tebur, ya ɗaga farar rigar da ta goge tun da asuba, ya girgiza ta kamar mai neman allura.

"Ta waye?"

"Ta ƙanina ce, yallaɓai. Yana cikin waɗanda za a shigo da su yau."

"Au, 'yan ƙone ofishin zaɓe?" Ya ture mata kayan da bayan hannu. "Har da guga. Wuce."

Ta tattara kayanta ta wuce. A 'yan watannin nan ta koyi haɗiye magana.

Malamar firamare ce, kuma ita ce babba a ɗakinsu, shi ya sa har mahaifiyarsu Yaya take ce mata. Ƙaninta Auta bakanike ne, mai hannu a gyaran mota, mai baki a gardamar siyasa. Ranar da aka sanar da sakamakon zaɓe, magoya bayan jam'iyyar da ta faɗi suka yi dafifi a ofishin zaɓe suna ihun an yi musu maguɗi. Aka fara da waƙa, aka koma jifa, kafin yamma wuta ta cinye ginin, maigadi ya mutu a ciki. Washegari 'yan sanda suka bi unguwanni da hotunan da aka ɗauka a waya, suna kwashe duk wanda fuskarsa ta fito. Fuskar Auta ta fito, da dutse a hannunsa. Yaya ta kalli hoton nan har idonta ya yi zafi, tana neman abin da za ta ce ba shi ba ne, ba ta samu ba.

Gaba ɗayansu aka haɗa a tuhuma guda, kisa da ta'addanci. Aka ajiye su a gidan yari wata da watanni ba wanda ya ga alƙali, sai da wani lauya na ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ya yi ta shige da fice kafin aka sa rana.

Barandar kotun ta cika maƙil. Kusa da famfon da ya daina zuba, wasu maza biyu sun kaure da musu.

"A ɗaure su duka! Duk wanda ƙafarsa ta taka wurin nan da hannunsa a ciki."

"Har mai sayar da ruwan da aka kwasa? Har wanda ya tsaya kallo?"

"Wa ya aike shi kallo?"

"To gobe in kai ka fita kuka a kan kuɗin wuta, wani ya fasa shago a bayanka, sai a ɗaure ka da shi ke nan?"

Na farkon ƙanin marigayi maigadi ne. A kan bencin da ke bayansa matar marigayin ke zaune, hannuwanta a cinya, ba ta kallon kowa. Yaya ta sunkuyar da kai ta wuce ta gefen bango.

Ta iske Lauya yana fama da maɓallin baƙar rigarsa ta shiga kotu, wadda ta koɗe har ta fara komawa ruwan toka. Mutum ne mai ƙiba da yawan gumi, wanda a rediyo ake kira lauyan 'yan daba, shi kuma ya ce ya gode da aka ba shi sarauta.

"Malama, kin karya kuwa? Fuskarki kamar ke za a yanke wa hukunci."

"Barista, gaya mini gaskiya. Yau me za a yi?"

"Babbar shaidarsu za ta hau. Sakatariyar ofishin, wadda ta fito daga wutar. Abin da ta faɗa shi ne shari'ar." Ya share wuya da hankici. "Na sha gaya miki, ban ce ƙaninki waliyyi ba ne. Ya yi jifa, zai amsa jifa. Abin da na ƙi shi ne a rataya masa gawar da bai kashe ba don kawai ya tsaya a titi ɗaya da waɗanda suka kashe. Kawo rigar."

Da aka shigo da su, sai da ta duba sau biyu kafin ta gane Auta. Wuyansa ya yi tsawo, rigar ta yi masa yawa. Ya hango ta, ya motsa baki ba sauti: "Mama fa?" Ta gyaɗa masa kai alamar lafiya, ko da yake ta baro tsohuwar kwance da ƙwayoyin hawan jini a gefen matashi.

Aka kira Sakatariya. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabo a goshi, hannunta na dama cikin safa mai launin ƙasa, yatsun a lanƙwashe. Da hagu ta yi rantsuwa. Ta faɗi yadda suka kulle kansu a ofis, yadda hayaƙi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, yadda ta kama ƙarfen ƙofar baya da ya yi ja ta ja shi da ƙarfi. Ta ce maigadi ne ya tura ta waje, ya koma ɗauko wani ma'aikaci da ya suma, ya fito da shi, ya sake komawa don ya ji kamar ana kira. Bai ƙara fitowa ba.

Mai gabatar da ƙara ya nuna akwatin waɗanda ake tuhuma. "Akwai wanda kika gane?"

Ta bi su da kallo a hankali. Ta nuna wasu biyu a layin baya, ta ce su ne suka sauke jarkokin fetur daga babur. Sannan yatsanta ya dawo gaba ya tsaya a kan Auta.

"Wannan mai farar rigar. Shi ya jefi tagar da nake zaune. Gilashin ne ya yi mini wannan." Ta taɓa goshinta.

Yaya ta damƙe bakin jakarta da hannu biyu.

"Madalla," in ji mai gabatar da ƙara. "Kuma yana tare da su lokacin da aka zuba fetur."

"A'a."

Ya ɗago daga takardunsa. "Ban ji ba."

"Na ce a'a. Da gilashin ya yanke ni na miƙe tsaye a tagar, jini ya rufe mini ido ɗaya. Muka haɗa ido da shi. Akwai wani dutsen a hannunsa, ya sake shi ya faɗi. Ya juya ya kutsa cikin mutane ya bi titin da ya yi wajen kasuwa. Na bi shi da ido har ya ɓace, domin na so in riƙe fuskarsa. Masu fetur sun zo ne bayan an jima."

"Hajiya, a bayaninki na farko kin ce dukansu tare suke."

"A gadon asibiti aka kawo mini shi a rubuce, aka ce in sa hannu. Hannun da zan sa ɗin ma a naɗe yake, da babban yatsan hagu na dangwala. Yau kuwa rantsuwa na yi."

Aka fara guna-guni a baya. Ƙanin maigadi ya miƙe yana cewa an saye ta, alƙali ya buga tebur, ɗan sanda ya fita da shi. Da aka ba Lauya dama ya yi mata tambayoyi, ya miƙe, ya gyara riga, ya ce ba shi da abin tambaya, sai dai yana roƙon kotu ta raba tuhumar, kowa ya amsa abin da hannunsa ya yi.

Bayan hutun rana alƙali ya dawo ya karanta matsayarsa da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ran maigadi ba zai tafi a banza ba, masu fetur za su ci gaba da fuskantar tuhumar kisa. Amma ya ce tsayawa a cikin taro ba shi ne kisa ba, kuma ajiye mutum watanni ba tare da kai shi gaban kotu ba abu ne da hukuma za ta yi bayani a kansa. Ya cire Auta da wasu daga tuhumar kisa da ta'addanci, ya bar masa ta jifa da raunata ma'aikaciya.

"Ka fahimci tuhumar?"

"Na fahimta, ranka ya daɗe." Auta ya ɗago kai. "Na aikata."

Aka ɗaga yanke hukuncinsa zuwa wani zama. A baranda Lauya ya ce mata Auta zai yi zaman gidan yari, wannan ba makawa, amma zama ne mai ranar fita, kuma za a lissafa wanda ya riga ya yi. Ta fara durƙusawa, ya ja da baya da sauri.

"Haba Malama, tashi kar a ɗauki hoto, gobe a ce lauyan 'yan daba ya fara karɓar gaisuwar sarakai. Ni yau me na yi? Miƙewa na yi na zauna."

Ta kira gida. Mama ta ɗauka tun kafin wayar ta gama ƙara.

"Yaya?"

"Mama, zai dawo. Ba yanzu ba, amma zai dawo."

Tsohuwar ta shiga hamdala, tana maimaitawa, har kuɗin wayar ya yanke su.

A tashar bas da ke tsallaken titi Yaya ta hango Sakatariya ita kaɗai. Abokan aikinta da suka rako ta da safe sun shiga motar ofis sun tafi. Yaya ta daɗe tana tsaye kafin ƙafarta ta yarda ta tsallaka.

"Sannu, Hajiya. Ni ce yayar mai farar rigar."

Matar ta dube ta daga sama har ƙasa. "Na gane. Goshinku ɗaya."

"Na zo in ce... ban san yadda ake faɗa ba. Allah ya saka miki da alheri. Allah ya ba ki lafiya."

"Kar ki gode mini, baiwar Allah. Ba don ku na yi ba. Da ya taɓa jarkar nan da na faɗa, ko da za ki faɗi matacciya a gabana."

"Na sani. Shi ya sa nake godiya."

Sakatariya ta kawar da kai tana kallon motoci. "Maigadin nan kullum shi yake karɓar mini jaka a bakin ƙofa. Matarsa ta yi jinyata a asibiti alhali tana cikin nata makokin. Ɗazu na gaishe ta, ta juya mini baya." Ta ja numfashi. "Ina so a hukunta waɗanda suka kashe shi. Su ɗin. In aka cika gidan yari da wasu, su wa za su tuna da neman sauran?"



Bas ta tsaya, mutane suka yi kanta. Sakatariya ta kai hannun dama ga ƙarfen ƙofa bisa sabo, yatsun suka ƙi kamawa, ta yi taga-taga. Yaya ta tare ta da kafaɗa. Matar ta ɗan yi jim, sannan ta dafa ta ta hau matakin farko, ta juyo.

"In ya fito, ki kawo mini shi. Ba haƙuri nake so ya ba ni ba. Ina so ya zauna a gabana ya gaya mini me ya gani a tagar nan da ya ɗauki dutse."

"Zan kawo shi. Da kaina."

"Ke za ki hau ko ba za ki hau ba?" kwandasta ya daka wa Yaya tsawa.

Motar ba ta unguwarsu ba ce, gaba ɗaya ma wata kusurwar gari za ta. Yaya ta leƙa ciki, ta ga babu kujera ko ɗaya, ga Sakatariya a tsaye tsakiyar mutane tana neman abin riƙewa da hannu guda. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta hau.